Dama da 3 ko ƙasa da 6? Muhawara kan gusar da miƙaƙƙen layi a aljabara

Zainab: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Don Allah ina so a raba mini gardama. An ba mu tambaya a gwaji: layin y = 2x ya koma y = 2(x − 3), wai a faɗi yadda layin ya gusa. Ni sai na buɗe bakan, na samu y = 2x − 6, na rubuta cewa layin ya sauka ƙasa da 6. Aka soke da jan biro, aka rubuta a gefe cewa amsar ita ce ya gusa dama da 3. Da na koma na zana su a takardar giraf, ko ƙasa na saukar da shi ko dama na tura shi, layi ɗaya nake samu. To ina laifina?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. Zainab, malaminki bai zalunce ki ba. Dubi yadda aka rubuta tambayar. Ba a ce y = 2x − 6 ba, an bar 3 ɗin a cikin baka tare da x da gangan. Duk abin da aka ƙara wa x kansa ko aka debe masa a cikin baka, gusawa ce a kwance, dama ko hagu. Duk abin da aka ƙara ko aka debe a wajen baka, gusawa ce a tsaye, sama ko ƙasa. Abin da ake son a gwada ke nan, ko kin iya karanta wannan. Ke kuma kin buɗe baka kin kauce wa abin da aka tambaye ki.

Malama Rabi: Malam Habu, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Yarinyar nan gaskiya ta rubuta. 2(x − 3) da 2x − 6 abu ɗaya ne, babu wani x a duniya da zai ba su amsa daban. In ka ɗauki layin y = 2x ka saukar da kowane ɗigo nasa da 6, layin da aka nema za ka samu, babu ragi babu ƙari. Tambayar ta ce a faɗi yadda layin ya gusa, ba ta ce a kwance ba. In malami yana son amsa guda, sai ya rufe ƙofar sauran a cikin tambayar. Bai rufe ba, ɗaliba ta bi ta wata ƙofar da take a buɗe, sai ya soke? Ni a wajena cikakken maki ya kamace ta.

Aminu: Ni fa ku yi haƙuri, matsalata tana can baya da taku. Me ya sa x − 3 zai zama dama? Debewa ai komawa baya ne, kuma a layin x ƙananan lambobi a hagu suke. Haddacewa kawai na yi cewa a cikin baka komai juyawa yake yi, amma zuciyata ba ta kama shi ba.

Malama Rabi: Aminu, gara da ka tambaya, don da yawa haddar suke yi su wuce. Ajiye dokar a gefe, mu bi ɗigo ɗaya. A layin y = 2x, yaushe y yake zama 0? Lokacin da x yake 0. To a sabon layin, y = 2(x − 3), yaushe y zai zama 0? Sai abin da ke cikin baka ya zama 0, wato sai x ya kai 3. Ka ga abin da tsohon layi yake yi a 0, sabon bai yi shi ba sai a 3. Ɗauki wani: tsohon layi yana ba da y = 2 a x = 1. Sabon kuwa, don ya ba da 2, sai cikin bakan ya zama 1, wato x = 4. Tsohon yana ba da 10 a x = 5, sabon sai a x = 8. Kowane lokaci sai x ya ƙara tafiya taki uku kafin ya samu abin da da can yake samu, saboda da zarar ya shiga baka ana zare masa 3. Ƙarin tafiyar nan a layin x kuwa dama ake yinta. Don haka babu abin da ya juya. Debewar ta sa layin ya makara ne, makara kuma a giraf dama take kai abu.

Sadiya: Bari in ɗora a kan na Malama. Abin da ke sa a ga kamar x yana da wata doka ta daban, y kuma da tasa, shi ne mun saba ware y shi kaɗai a gefe guda. In aka ce y = f(x) + 2, inda f(x) ke nufin duk lissafin da ke fitar da y daga x, kowa ya san sama ne da 2. To dawo da 2 ɗin wajen y: y − 2 = f(x). Ga shi nan, debewa ce, kuma tafiyar sama ce. Wato y − 2 na nufin sama da 2, kamar yadda x − 3 ke nufin dama da 3. Doka ɗaya ce tak: ka maye gurbin x da x − h, ka maye gurbin y da y − k, zanen ya gusa h a kwance da k a tsaye. Shi ya sa da'irar (x − 3)² + (y − 2)² = 25 cibiyarta take a (3, 2) ba wanda yake mamaki. Haka nan rubutun layi da ake yi da ɗigo da gangare (m, wato yawan canjin y a kowane taki ɗaya na x), y − y₁ = m(x − x₁): ba komai ba ne illa layin y = mx da aka ɗauko daga (0, 0) aka kai shi (x₁, y₁).

Aminu: Kai! Wannan na y − 2 ɗin ya shige ni sosai. Na gode Yaya Sadiya, na gode Malama.

Malam Habu: Madalla da bayanin nan, ba ni da ja a kansa. Amma mu koma kan maganar Zainab, don abin da Malama Rabi ta faɗa yana da haɗari in aka sake shi haka. Yau layi ake yi, gobe za a shiga farabola, wato lanƙwasasshen zanen nan mai siffar U. A ba Zainab y = x² ya koma y = (x − 3)², ta buɗe baka kamar yadda ta saba, ta samu x² − 6x + 9. To ta ce me? Ya hau sama da 9? Bambancin da ke tsakanin sabon da tsohon shi ne −6x + 9, kuma wannan ba lamba ɗaya ba ce, canzawa take yi da x. A x = 0 sabon ya fi tsohon da 9, a x = 2 kuma ya gaza shi da 3. Babu wata gusawa a tsaye da za ta ba ka wannan. Amsa ɗaya ce kawai: dama da 3. Malamin da ya soke mata yau, yana kare ta ne daga ramin da ke gabanta. In ya ba ta maki ya yi shiru, za ta tafi da tunanin cewa buɗe baka shi ne hanya.

Malama Rabi: Ban ce ya yi shiru ba, Malam. Ya ba ta makinta, sannan ya rubuta a gefe: daidai ne, amma nemo wata amsar kuma, ki gaya mini dalilin da ya sa duka biyun suka yi aiki a nan. Wannan ya fi jan biro koyarwa nesa ba kusa ba. Abin da nake tsoro shi ne akasin naka. Yaron da ya yi lissafi daidai, ya duba da zane ya tabbatar, sannan aka ce masa bai yi daidai ba, abin da zai koya shi ne gaskiyar lissafi tana hannun mai jan biro, ba a cikin lissafin take ba. Daga nan sai ya daina dubawa da kansa ya koma neman abin da malam yake so. Irin waɗannan yaran su ne ke zuwa mana da haddar “cikin baka juyawa yake” ba tare da sun san dalili ba.

Zainab: To Malama, tunda kin ce a nemo dalili, ni ma shi nake son ji. Me ya sa a layi duka biyun suke aiki, a farabola kuma ba sa yi?

Malama Rabi: Ɗauki kowane layi, f(x) = mx + c. Gusar da shi dama da h: f(x − h) = m(x − h) + c = mx + c − mh. Kin ga abin da ya rage a ƙarshe, −mh, babu x a cikinsa. Lamba ce tsayayyiya. Don haka gusawa dama da h daidai take da sauka ƙasa da m sau h. A taki tambayar m = 2, h = 3, shi ya ba ki 6. Dalilin kuma shi ne gangaren layi ɗaya ne a ko'ina: duk inda kika tsaya a kansa, taki ɗaya a kwance yana kawo canjin m a tsaye. Farabola kuwa gangarenta canzawa yake yi daga wuri zuwa wuri, kuma tana da ƙarshen gindi guda ɗaya da ido zai iya bi. In gindin ya tashi daga (0, 0) ya koma (3, 0), babu mai cewa ƙasa ya yi.

Ki lura da alamar m kuma. In layin mai sauka ne, misali y = −2x, gusar da shi dama da 3 zai ba ki −2(x − 3) = −2x + 6, wato sama da 6 ke nan, ba ƙasa ba. In kuma gangaren ƙarami ne, y = x/2, tafiya dama da 4 saukar 2 kawai take kawowa.

Sadiya: Kuma ba ma amsa biyu ba ce kawai, ba su ƙirguwa. Daga y = 2x, je dama da 1 ki sauka da 4: 2(x − 1) − 4 = 2x − 6. Je dama da 5 ki hau sama da 4: 2(x − 5) + 4 = 2x − 6. Duk h da k da suka cika k − 2h = −6 za su kai ki layin nan. Abin da ke faruwa shi ne miƙaƙƙen layi yana iya zamewa a kan kansa ba tare da ya canza ba, dama da 1 sama da 2, sau nawa kika ga dama. To in kin samu hanya ɗaya ta zuwa sabon layin, ki haɗa ta da wannan zamewar ki samu wata.

Malam Habu: To kun ga abin da nake faɗa ke nan. In aka ce kowace amsa daidai ce, wani ya rubuta “dama da 5 sama da 4”, shi ma a ba shi maki? Ina ƙarshen abin?

Malama Rabi: In ya nuna aikinsa, a ba shi mana, ai ya ma fi sauran fahimta. Ƙarshen abin a hannun mai tsara tambaya yake, Malam. Ya ce “gusawa nawa ce a kwance”, magana ta ƙare.

Injiniya Bashir: Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama. A kan maki ina tare da Malama Rabi, amma akwai wani abu a maganar Malam Habu da bai kamata ya ɓace ba, kuma ba sai an jira farabola za a gan shi ba. A cikin layin kansa yake.

Ku ɗauki masu gudu. Na farko yana gudun mita 5 a daƙiƙa, ya tashi daga layin farawa da aka busa usur: d = 5t. Na biyu gudunsu ɗaya, daga wuri ɗaya, amma bai tashi ba sai bayan daƙiƙa 4: d = 5(t − 4). Na uku ya tashi tare da na farko, amma an ja shi baya da mita 20 daga layin farawa: d = 5t − 20. A aljabara na biyu da na uku rubutu ɗaya ne. Daga daƙiƙa ta 4 zuwa gaba kafaɗa da kafaɗa za su yi ta tafiya. Amma je ka duba su a daƙiƙa ta 2. Na uku yana cikin gudu, saura mita 10 ya iso layin farawa. Na biyu yana tsaye cik a kan layin, ko motsi bai yi ba. Shi lissafinsa bai fara aiki ba sai daga t = 4. Ɗaya jinkiri ne a lokaci, ɗaya tazara ce a wuri. A aikin injiniya in aka ce sigina ta makara da kaza, t − kaza ake rubutawa, kuma ba wanda zai buɗe bakan ya ce ƙarfinta ne ya ragu, don hakan zai ɓatar da abin da ya faru a zahiri.

Saboda haka layin da ba shi da farko ba shi da ƙarshe, shi ne ba ya nuna bambancin. Da zarar an yanke shi, bambancin ya fito.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Ga shi a lambobi ga mai son zanawa: ɗauki y = 2x daga x = 0 zuwa x = 4 kaɗai, wato guntun layi daga (0, 0) zuwa (4, 8). Tura shi dama da 3, ya koma daga (3, 0) zuwa (7, 8). Saukar da shi da 6, ya koma daga (0, −6) zuwa (4, 2). Duka biyun suna kwance a kan y = 2x − 6, amma ba guntu ɗaya ba ne. Tsakanin (3, 0) da (4, 2) kawai suka haɗu. To gusawar biyu ba abu ɗaya ba ne, sakamakonsu ne ya zo ɗaya a kan cikakken layi. Wannan nake so ɗalibi ya riƙe.

Malama Rabi: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma da haka aka yi tambayar, da guntun layi, da babu gardama. Amma cikakken layi aka ba Zainab.

Injiniya Bashir: Ga wani misalin da kowa ya taɓa gani, ma'aunin zafi. Don mayar da Fahrenheit zuwa Celsius ana rubuta C = (5/9)(F − 32). Wannan layin C = (5/9)F ne aka gusar dama da 32. Me ya sa 32? Saboda a ma'aunin Fahrenheit ruwa yana daskarewa a 32, a na Celsius kuma a 0, to dole layin ya yanke layin kwance a 32. Gwada 212, inda ruwa ke tafasa: 212 − 32 = 180, sau 5/9, ya ba da 100. Yanzu buɗe bakan: C = (5/9)F − 160/9. Daidai ne, ba kuskure ko ɗaya, kuma 160/9 ɗin nan, kusan 17.8, yana gaya maka cewa 0 a Fahrenheit daidai yake da kusan −17.8 a Celsius. Amma wa ke riƙe 160/9 a ka? Kowa 32 ya sani, don ita ce ke ɗauke da ma'anar. In kuma ka juya lissafin, F = (9/5)C + 32, sai 32 ɗin nan dai ta koma gusawa a tsaye, saboda layukan giraf ɗin sun yi musayar wuri. Rubutu biyu na layi ɗaya, kowanne da abin da yake fito da shi fili: mai baka yana nuna inda aka yanke layin x, buɗaɗɗen yana nuna inda aka yanke layin y.

Aminu: To bari in gwada ko na gane. In aka ba ni y = 3x ya koma y = 3x + 12, aka ce lallai a kwance ake so, sai in ce hagu da 12?

Sadiya: Tsaya Aminu, nan ne mutane da yawa ke zamewa. 12 ɗin ba a manne da x shi kaɗai take ba, a manne take da 3x. Fito da 3 waje tukuna: 3x + 12 = 3(x + 4). Hagu da 4 ke nan. Duba da inda layin ya yanke layin x: da a 0 yake yankewa, yanzu 3x + 12 = 0 ya ba da x = −4. Wannan dubawar ita ce mafi sauƙi a kowane layi da ba a kwance yake ba: nemo inda tsohon ya yanke layin x, nemo inda sabon ya yanke, tazarar da ke tsakaninsu ita ce gusawar a kwance.

Wani wurin zamewar kuma: a ce f(x) = 2x + 1, a nemi f(x − 3). Sai ka ga an rubuta 2x − 3 + 1 = 2x − 2. An manta baka. Duk inda x yake, x − 3 gaba ɗaya ake sawa: 2(x − 3) + 1 = 2x − 5. Duba: tsohon yana yanke layin x a −1/2, 2x − 5 yana yankewa a 5/2, tazara 3 cif. Shi kuwa 2x − 2 a 1 yake yankewa, tazarar ɗaya da rabi ce kawai, don a gaskiya f(x) − 3 aka lissafa, ba f(x − 3) ba.

Malam Habu: Sadiya, ƙara masa maganar jeri, wato wanne ake fara yi tsakanin gusawa da matsewa, don wata rana zai haɗu da littafin da zai ce masa 12 ya rikice.

Sadiya: Haka ne Malam. Aminu, 12 ɗinka tana iya zama daidai in daga y = x aka taso, ba daga y = 3x ba, kuma aka fara da gusawa. Daga y = x, je hagu da 12: y = x + 12. Sannan ka matse zanen a kwance sau 3, wato ka sa 3x a gurbin x: y = 3x + 12. In kuwa ka fara matsewa, ka samu y = 3x, to gusawar da ta rage hagu da 4 ce. Wuri ɗaya za ka isa, amma adadin gusawar ya danganta da wanda ka fara yi. A tambayarka an riga an ba ka 3x, an gama matsewa, don haka 4 ce.

Zainab: Ina da wata tambayar. In m ya zama 0 fa? Malama ta ce gusawa dama da h daidai take da sauka da m sau h. Sifili sau komai ai sifili ne.

Malama Rabi: Kin gano shi da kanki. Layin y = 5 a kwance yake shimfiɗe, tura shi dama ko hagu yadda kika so, y = 5 zai ci gaba da zama. A nan dangantakar ta zama ta gefe guda. Kowace gusawa a kwance tana da takwararta a tsaye, ko da sifili ce. Amma ba kowace gusawa a tsaye ke da takwara a kwance ba: daga y = 5 zuwa y = 7 babu wata tafiya dama ko hagu da za ta kai ki. A lissafi, don mayar da hawa sama da k zuwa gusawa a kwance sai kin raba k da m, kuma ba a rabawa da sifili. Layin da ke tsaye kuwa, irin x = 2, akasin haka ne, a kwance kawai yake gusawa, sai dai shi ba a rubuta shi a matsayin y = f(x), don x ɗaya yana da y marasa iyaka.

Aminu: To layi ne kaɗai ke da wannan halin, na cewa dama da ƙasa su zo ɗaya?

Sadiya: Ya danganta da yadda ka yi tambayar, kuma nan ne abin ya fi yi mini daɗi. In gusawa guda ɗaya kake nufi, akwai wasu. Ɗauki zanen matakala, wanda ke mayar da kowace lamba zuwa cikakkiyar lambar da ke ƙasa da ita ko daidai da ita, 2.7 ta koma 2, 5 ta zauna 5. Tura shi dama da 1, daidai yake da saukar da shi da 1. Amma tura shi da rabi, babu wata sauka da za ta yi daidai da hakan. Haka y = x + sin x: dama da 2π daidai yake da ƙasa da 2π, amma ba kowace tazara ba.

In kuwa kana nufin kowace gusawa a kwance, ko wace iri ce, ta zama tana da takwara a tsaye, to sharaɗin ya yi tsauri. Kana cewa f(x + h) = f(x) + g(h) ga kowane x da kowane h. Sa x = 0, ka ga g(h) = f(h) − f(0). In ka kira F(x) = f(x) − f(0), sharaɗin ya koma F(x + h) = F(x) + F(h). Wannan sanannen lissafi ne da ake jingina wa Cauchy, masanin lissafi ɗan Faransa, wanda a 1821 ya nuna cewa in zanen ba ya tsinkewa, amsar kaɗai ita ce F(x) = mx. Wato f(x) = mx + c, miƙaƙƙen layi. A 1905 Georg Hamel na Jamus ya nuna akwai wasu amsoshin in aka cire sharaɗin rashin tsinkewa, amma irin waɗanda ba mai iya zana su ne. Don haka a cikin duk abin da za ka iya zanawa ba ka ɗaga biro ba, layi ne kaɗai. Abin da Zainab ta ci karo da shi a gwaji, shi ne ainihin abin da ya sa layi ya zama layi.

Akwai mai kama da wannan a wani gidan: y = 2^x in ka gusar da shi dama da 3 ka samu 2^(x − 3), wanda daidai yake da 2^x a raba da 8. Can gusawa a kwance ba sauka take zama ba, matsewa take zama a tsaye.

Malam Habu: To ni abin da na ɗauka daga nan ya ma fi ƙarfafa ni a kan wani ra'ayi da na daɗe da shi: layi ba wurin fara koyar da gusawa a kwance ba ne. A fara da y = |x|, mai siffar V, ko y = x², inda akwai kusurwa ko gindi da yaro zai ɗora yatsa a kai ya bi. In ya ƙware, sai a dawo da shi layi a nuna masa abin mamakin. Amma a kan makin Zainab har yanzu rabin ra'ayina yana nan: wanda ya ga 2(x − 3) bai ga 3 ɗin ba, akwai abin da ya tsere masa, ko da abin da ya rubuta gaskiya ne.

Malama Rabi: A kan fara da |x| muna tare, ni ma haka nake yi. In an dawo layi kuma, ina sa ɗalibai su buɗe manhajar zana giraf, Desmos ko GeoGebra, su rubuta y = 2(x − h) da maɓallin jan h, sannan su sa ɗigon (h, 0) da ɗigon (0, −2h) a kai. Suna jan h, sai su ga ɗigo ɗaya yana tafiya dama, ɗayan yana sauka da ninkin saurinsa, layin kuma ɗaya. Wanda ba shi da na'ura, rula da takardar giraf sun isa: a ɗiga alama da biro a jikin rular, a kwantar da ita a kan layin, a tura ta, a bi alamar.

Zainab, ki je wajen malaminki cikin ladabi da zanen duka biyun da kuma lissafin −mh. Ki nuna masa kin san dama da 3 ce a kwance, kin kuma san dalilin da ya sa ta zo daidai da ƙasa da 6.

Zainab: In sha Allah haka zan yi, Malama. Na gode muku duka.

Malam Habu: Kafin a watse, Aminu, ga naka. f(x) = −3x + 2. Rubuta f(x + 4), ka faɗi gusawar a kwance, ka faɗi takwararta a tsaye, ka duba da inda ake yanke layin x.

Aminu: f(x + 4) = −3(x + 4) + 2 = −3x − 10. A kwance hagu da 4. A tsaye daga 2 zuwa −10, ƙasa da 12. Tsohon yana yanke layin x a 2/3, sabon a −10/3. Daga 2/3 zuwa −10/3 tazarar 12/3 ce, wato 4, kuma hagu aka yi.

Malam Habu: Daidai. Yanzu yanke f daga x = 0 zuwa x = 2 kaɗai, ka kawo mini ƙarshen guntun biyu a kowace gusawa.

Aminu: Asalin guntun daga (0, 2) zuwa (2, −4). Hagu da 4: daga (−4, 2) zuwa (−2, −4). Ƙasa da 12: daga (0, −10) zuwa (2, −16). Duka suna kan y = −3x − 10, amma waɗannan ko taɓa juna ba su yi ba, Malam, akwai tazara daga x = −2 zuwa x = 0 a tsakaninsu.